Tsakanin Taimako da Riƙon Asusun Wani

Daga cikin sana'o'in da wannan zamani ya zo mana da su, waɗanda samari da 'yan mata, har da matan aure a cikin ɗakunansu, suka runguma hannu bibbiyu tun da wayar hannu ta zama ruwan dare, akwai dillancin intanet, watau mutum ya yi rajista da kamfani mai haja, a buɗe masa asusu, a ba shi wata mahaɗa mai ɗauke da alamarsa shi kaɗai, ya yi ta yaɗa ta a WhatsApp da Facebook da TikTok, duk wanda ya bi ta nan ya sayi abu sai a rubuta wa mai mahaɗar la'adarsa. Da yawa daga cikin waɗannan kamfanoni, da ƙungiyoyin da 'yan sana'ar suka kafa don koyar da juna, sun gindaya wani sharaɗi wanda kullum yake jawo gunaguni, shi ne cewa an yarda ka taimaki ɗan'uwanka, ka koya masa, ka gyara masa kuskure, ka zauna kusa da shi har ya iya, amma ba a yarda ka karɓi kalmar sirrinsa ka riƙa shiga kana aiki da sunansa ba, ko da shi ne ya roƙe ka, ko da kuma ba ka karɓi ko anini ba. Masu gunagunin suna cewa ina ruwan biri da gada, mutum da asusunsa, ai sai ya ba wanda ya ga dama. Ni kuwa ra'ayina shi ne sharaɗin nan daidai ne, kuma mai asusun da kansa ya fi kamfanin amfana da shi, duk da cewa su ma kamfanonin suna da nasu laifin, wanda zan zo kansa in Allah ya so.

Kafin a yanke wa abu hukunci wajibi ne a san surarsa. Kamfanin Amazon na Amurka, wanda ya buɗe nasa shirin a 1996, shi ya fi kowa yayata wannan tsari. Mu kuma a nan ya iso mana ne sosai bayan da Jumia da Konga suka kafu a Legas a 2012, daga baya aka samu irin su Selar masu sayar da littattafai da darussa. Idan mai saye ya taɓa mahaɗarka, sai a ajiye wani ɗan tambari a cikin wayarsa ko kwamfutarsa, wanda zai shaida wa kamfanin cewa ta hannun wane wannan baƙo ya zo; a wurin Amazon wa'adin tambarin nan awa 24 ne, in mai saye bai zaɓi kaya a cikinsu ba la'ada ta faɗi, sabon shiga kuma an ba shi kwana 180 ya kawo ciniki uku ko a rufe asusun. Kamfanin bai taɓa ganin fuskar dillalinsa ba, bai san unguwarsu ba, bai san mahaifinsa ba balle ya kai masa ƙara. Iyakar abin da ke hannunsa suna ne, da adireshi, da lambar banki, da alkawarin da mai sunan ya ɗauka ran da ya danna wurin da ake cewa na yarda.

Asalin sana'ar ba baƙo ba ne a wurin malamanmu. Imamu Buhari ya ƙulla babi a kan ladan dillali a cikin littafin ijara, inda ya kawo cewa Ibnu Sirina da Aɗa'u da Ibrahim da Hasan ba su ga laifinsa ba. La'adar da ba a biya sai ciniki ya faɗa kuwa ita ce fuƙaha'u ke kira ju'ala, wadda suke kafa wa hujja da ƙissar Annabi Yusufu, alaihis salamu, inda aka yi alkawarin kayan raƙumi guda ga duk wanda ya zo da ma'aunin sarki, kuma mai Risala, Ibnu Abi Zaidi, ya bayyana cewa mai ju'ala ba shi da kome sai aiki ya cika. Saboda haka in hajar halal ce, babu caca a ciki, babu kuɗin ruwa, babu maganin ƙarya, to ba wata tababa a kan cin la'adarta. Amma fa ju'ala ƙulli ne tsakanin mai haja da mai aiki, kuma mai haja yana da ikon ya ce da wane na ƙulla, ban ƙulla da waninsa ba. Wanda ya karɓi wannan sharaɗi da bakinsa, ko da yatsansa, cika shi ya hau kansa muddin bai saɓa wa shari'a ba, ni kuwa ban ga ta inda hana ba da kalmar sirri ya saɓa mata ba.

Bari mu matso kusa mu ga abin da idonmu. A ce wata baiwar Allah ce mai sayar da turaren wuta da atamfa daga cikin gida, ta ji ƙawayenta suna samun na cefane ta wannan hanya, ta kira ƙanenta ɗan jami'a ta ce ya buɗe mata. Ya karɓi wayar ya cike sunanta, ya ce, "Yaya, kawo katin ɗan ƙasa," ta miƙo ya ɗauki hotonsa. Ya ce, "Wata lamba za ta shigo yanzu, guda shida, karanto mini," ta karanto. Har nan babu laifi, domin ita ce zaune, sunanta ne, yardarta ce. In ya juyo mata da fuskar wayar ya ce, "Yaya, nan za ki sa kalmar sirri, zaɓi wadda ba za ki manta ba, kada ki gaya mini," ya kau da kai har ta gama, sa'an nan ya nuna mata inda ake kwafo mahaɗa da inda ake duba la'ada, tana ɓatawa yana cewa sake, ko da sun daɗe suna wannan fama, to taimako ya yi, ladansa yana wurin Allah. In kuwa ya ce, "Yaya, abin nan zai ba ki wahala, bar shi a hannuna, duk wata zan turo miki naki," ya sa kalmar da shi kaɗai ya sani, ya sa imel ɗinsa a maimakon nata, da yake kuma bankinta yana ba da matsala ya sa nasa wai kafin a gyara, to daga wannan dare matar nan ba ta da asusu, suna kawai ta ba da aro, ko da ƙanen nata ya fi kowa tsoron Allah a unguwar.

Mutane da yawa suna zaton ana gane bambancin ne da yawan aiki ko da karɓar lada, alhali kuwa mutum yana iya rubuta wa abokinsa kalmomin talla kaf, ya haɗa masa hoto da bidiyo, ya karɓi kuɗin aikinsa cif, bai keta sharaɗin kowa ba, domin ijara ce a kan aiki sananne, kuma mai asusun ne zai duba ya yarda ya saka da hannunsa. Wani kuma ya shiga asusun wani sau ɗaya tak, fisabilillahi, ya amsa wani sabon sharaɗi da kamfani ya aiko ya fita, sai ga shi ya aikata abin da ya fi nauyi, saboda ya ɗauki alkawari da bakin da ba nasa ba. Niyya kuwa tsakanin bawa da Ubangijinsa take. Alƙali ma da zahiri yake hukunci, balle kamfani.

Wannan batu na alkawari shi nake so mu ɗan daɗe a kansa, domin a nan ne masu kafa hujja da wakala suke tuntuɓe. Sukan ce ai wakala halal ce, Ashabul Kahfi sun aiki ɗayansu da azurfarsu cikin birni ya sayo abinci, Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ya ba Urwatul Bariƙi dinari ya sayo masa akuya, ya sayo biyu ya sayar da ɗaya, ya komo da akuya da dinarin, aka sa masa albarka. Duk gaskiya ne. Amma Shehu Halilu, a cikin Muhtasar wanda alƙalanmu suke hukunci da shi tun kafin zuwan Turawa, ya iyakance wakala ga abin da ke karɓar na'ibci, kamar saye da sayarwa da karɓar bashi, ya fitar da rantsuwa daga ciki, domin rantsuwa magana ce da mutum yake yi a kan abin da shi ya sani a ransa, ba a aiken wani ya yi ta. To, asusun dillanci cike yake da abubuwa masu kama da rantsuwa. Wanda zai karɓi la'ada daga kamfanin Amurka akan nemi ya cike takardar haraji mai suna W-8BEN, ya sa hannu cewa shi ne mai cin wannan kuɗi, shi ba ɗan Amurka ba ne, kuma ya yarda a hukunta shi in ya yi ƙarya. Wanda zai karɓa a gida sai ta banki, asusun banki kuwa ɗaure yake da lambar BVN, wadda Babban Bankin Nijeriya ya fito da ita a 2014 don a haɗa kowane asusu da zanen yatsun mutum guda. Ga alkawarin cewa ba za ka yi wa haja ƙarya ba. Ga na cewa za ka sanar da mai saye kana da la'ada a cikin cinikin, abin da hukumar kasuwanci ta Amurka ta wajabta kuma Amazon ya sa a cikin sharuɗɗansa. Ga na cewa ba za ka sayi kaya ta mahaɗarka ba, ba kuma za ka sa danginka su saya don ka ci la'ada ba. Kowanne daga cikinsu mai suna ne ya ɗauka, ranar da aka saɓa shi kuma mai suna za a tambaya, to ta yaya mutum zai ba da tabbaci a kan abin da ake yi a cikin ɗakin da mabuɗinsa ke aljihun wani?

Su kamfanonin wuya suka sha kafin su tsananta. Shawn Hogan ya kasance babban dillalin eBay, har kamfanin ya biya shi la'adar da ta kai dala miliyan 28, daga baya aka gano yana cusa wancan ɗan tambari ne a cikin kwamfutocin mutanen da ba su taɓa mahaɗarsa ba sam, ta yadda wanda ya je eBay don kansa ya yi sayayya sai a rubuta wa Hogan. Ya amsa laifin zamba, kotu ta ɗaure shi wata biyar a 2014. Da aka bi sawun asusun, shi aka iske, domin nasa ne. Yanzu a ɗauka mutum guda ne ke riƙe da asusu ashirin da sunayen mutum ashirin, ya yi algus a na farko a rufe, ya koma na biyu, kamfani yana ta korar sunaye mai laifin yana zaune daram. Abin ya fi muni a tsarin da ake ba mutum kaso daga cinikin waɗanda ya shigo da su, domin a nan ne za ka ga mutum ya yi wa matarsa rajista, da mahaifiyarsa, da almajirin gidansu, yana shiga kowanne yana motsa shi don a ga kamar yana da jama'a, ya ci ladan matsayin da bai kai ba, ya sha gaban wanda ya yi wahalar neman mutane na gaske. Wannan tadlisi ne, watau yaudara tsagwaronta, ko an kira shi taimakon iyali.

Sai dai kamfani yana da lauyoyi, mai turaren wuta kuwa ba ta da kowa sai Allah, kuma ita ce abin tausayi. Ranar da ƙanenta, ko abokinsa da ya bar wa aikin saboda jarrabawa, ya tallata maganin da aka ce yana raba mutum da ciwon suga cikin mako guda, ko ya yaudari wani ta asusun da ke ɗauke da sunanta da hoton katinta, takardar gayyata ta 'yan sanda ko ta EFCC sunan da ke rubuce za ta bi, sai ta wayi gari tana ba da bahasi a kan abin da ba ta san farkonsa ba; shi kuma ƙanen, dokar laifuffukan intanet ta 2015 ta tanadi hukunci a kan sojan gona da amfani da shaidar wani don cuta. In ma ba a kai ga hukuma ba, rigimar cikin gida ta isa. A watan Afrilu na 2020 Amazon ya zaftare la'adar kayan ɗaki daga kashi 8 cikin ɗari zuwa kashi 3, bayan sanarwa ta 'yan kwanaki. Irin wannan sauyi ta imel yake zuwa, imel ɗin kuwa yana hannun mai riƙo. Sai mai asusu ta ga abin da ake turo mata ya ragu ta yi zargi, shi kuma ya rantse bai ci ba, mai yiwuwa ma gaskiya ya faɗa, amma ba ta da hanyar tabbatarwa, zumunci ya lalace a kan maganar da da ta iya buɗe shafin da kanta da tuni ta mutu. A fiƙihu amintacce ba ya biyan abin da ya salwanta a hannunsa sai in ya ƙetare iyaka ko ya yi sakaci, kuma mai da'awa shi ke kawo shaida. To ina shaidar, tun da ba a rubuta ba, ba a kira kowa ba, littafin lissafin duka yana cikin wayar wanda ake ƙara? Shi ma mai riƙon bai tsira ba, domin yana iya shekara da shekaru yana tara mabiya da sunan wani, ran da mai suna ya rasu abin ya zama na magada, ko ran da suka ɓata mai suna ya nuna katinsa ya karɓe abinsa, a bar shi yana cizon yatsa.

Akwai wata illar kuma da ba a cika ambata ba. Galibin masu cewa kawo in riƙe maka su ma suna da nasu asusun a kamfani ɗaya, suna tallar haja ɗaya ga jama'a ɗaya. Idan babban mai saye ya zo, wanda zai kwashi kaya na miliyoyi, mahaɗar wa za a tura masa? Malaman Malikiyya sun hana wakili ya sayar wa kansa abin da aka wakilta shi ya sayar, ko ya sayar wa yaron da ke ƙarƙashin kulawarsa, saboda sun san zuciya ba ta iya zama mai saye da mai sayarwa a lokaci guda ta yi adalci. Sun kuma hana shi wakilta wani ba da izini ba, sai in aikin ya fi ƙarfinsa ko bai dace da irinsa ba. Duka biyun kuwa su ne aikin yau da gobe na masu riƙon asusu, musamman waɗannan da ke kiran kansu masu horarwa, waɗanda za su karɓi kuɗin aji, su yi wa ɗalibi darasi biyu a gurguje, sa'an nan su ce tun da ba ka da lokaci kawo mu juya maka a raba riba, su tara asusu tuli su miƙa wa yara. Irin wannan malami, wanda abincinsa ke cikin jahilcin ɗalibinsa, ban ga ranar da zai yaye shi ba.

Yanzu sai mu ba masu gunaguni haƙƙinsu, domin maganarsu ba ta rasa ƙamshin gaskiya ba. Akwai dattijon da ya tsufa a Kantin Kwari, ya san atamfa ya san mai sayenta, amma sharuɗɗan kamfani shafuka ne rututu da Turancin lauyoyi. Akwai na ƙauyen da sai an hau tudu ake samun sabis. Akwai kuma wariyar da aka nuna mana da gangan. PayPal ya shigo Nijeriya a 2014 amma damar biya kawai ya ba mu, ban da ta karɓa, aka kuma daɗe a haka. ClickBank, wanda ya kafu a 1998 kuma yana cikin manyan kasuwannin wannan sana'a, ya yi shekaru ba ya karɓar rajista daga Nijeriya. Daga nan ne aka samu masu sayar da asusu mai adireshin Ingila ko Amurka, da masu cewa akwai yayana a waje, a buɗe da sunansa in riƙa aiki. Na fahimci dalilin, amma ban ga halaccinsa ba, domin ƙarya ce a cikin takardar da aka sa wa hannu, kuma ranar da kamfani ya gano, la'adar da aka tara takan tafi gaba ɗaya, ba inda za a kai kuka tun da mai kukan babu shi a takarda.

Abin da ya cancanci a matsa wa kamfanoni a kansa shi ne su buɗe hanyar wakala ta sarari, wadda kakanninmu suka sani tun kafin a ƙirƙiri waya. A Sabo ta Ibadan, wadda Abner Cohen ya yi nazarinta ya fitar da littafi a 1969, a wancan zamani falke yakan kawo shanu daga Arewa ya sauka a wurin maigida ya danƙa masa dukiyar, dillalan maigida su sayar wa mahauta bashi, falke yana zaune bai ma san mahaucin ba. Amma kara duka ta san shanun na wane ne, ta san wane maigida ne ya tsaya, in mahauci ya ƙi biya kuma maigida ake kallo, domin sunansa shi ne jarinsa. Riƙon dukiyar wani ke nan cikakke, ba kuwa wanda ya ce haram ne, tun da maigida da sunansa yake ciniki, bai taɓa cewa shi ne falke ba. Irin wannan tsari akwai shi a intanet. Google yana da asusun manaja, wanda masu sana'ar talla ke kula da asusun abokan cinikinsu ta cikinsa; Facebook yana ba mai shafi damar ya sa wani ya taya shi da iyakantaccen iko, kowa ya shiga da sunansa da kalmar sirrinsa, mai abu kuma ya cire wanda ya so ran da ya so; wasu kamfanonin dillanci ma sun yi irin wannan tanadi. Inda aka tanadi haka riƙo ya halatta bisa sharaɗinsa, ya kuma kyautu a ƙara da rubutu da shaidu biyu a kan kason kowa. Inda ba a tanada ba, lalle laifin kamfani ne da ya shigo kasuwar mutanen da da yawansu ba su karatun Turanci, bai yi musu hanyar wakilci ba, bai ko fassara musu sharuɗɗansa ba; amma gazawarsa ba ta ba kowa lasisin yin ƙarya da sunan wani ba.

Saura 'yan mas'alolin da ake yawan tambaya. Dukiyar mace tata ce a shari'a, aure bai mai da asusunta na miji ba, mijin da ya ce shi zai riƙe don ya sauƙaƙa mata da ya zauna ya koya mata da ya fi kusa da kyautatawa. Wanda ciwo ya kwantar, ko ya tafi aikin Hajji, mahaɗar da ya riga ya yaɗa ba ta daina aiki don ya yi wata guda bai leƙa ba, la'ada tana taruwa tana jiransa, saboda haka larurar da ake faɗa sau da yawa ba ta kai larura ba, in kuma ta tabbata sai a rubuta wa kamfani a nemi izini. Wanda bai yi boko ba sam a karanta masa, a fassara masa, shi ya danna. In hakan ma ya gagara, to asusun ya zama na wanda ya iya, da sunansa da bankinsa, dattijo ya kawo sanin kasuwa da jama'arsa su yi tarayya a sarari kowa da kasonsa, irin tarayyar masu aiki da jiki wadda Malikiyya suka halatta in aikin ɗaya ne ko sashensa yana dogara da sashe.

Ina roƙon shugabannin ƙungiyoyin wannan sana'a da kada su sassauta sharaɗin nan don gudun ɓacin ran wani, su rubuta shi da Hausa su karanta wa kowane sabon shiga, duk malamin da aka samu yana neman kalmar sirrin ɗalibi kuma a sallame shi. Kai kuma mai karatu, in asusunka yana hannun wani, ko ɗan cikinka ne, ka kira shi yau ku zauna, ya buɗe maka wurin biyan kuɗi ka ga lambar bankin wa ke ciki, imel ɗin wa, lambar wayar wa. Ka mai da su naka, ka sauya kalmar sirri da hannunka, sa'an nan ka ce masa ya dawo gobe bayan la'asar ya fara koya maka.